Ƙarshen "-atu" a Sunayen Mata: Sharhi a kan Littattafan Sunaye Bisa Abin da Ake Ji a Njamena

1.0 Gabatarwa

Duk inda ake sayar da littattafan addini a ƙasar Hausa, a bakin masallacin Juma'a ne ko a rumfunan kasuwar Kurmi, da wuya a rasa 'yan ƙananan littattafan nan na sunayen Musulunci da ma'anoninsu. Yawancin masu sayensu magidanta ne da aka yi wa haihuwa, suna neman abin da za a raɗa wa jaririya kafin kwana bakwai su cika. Ke nan abin da aka rubuta a cikinsu yakan bar takarda ya koma kan mutum, ya bi shi har kabari. Wannan kaɗai ya isa dalilin yi musu karatun tsanaki.

Abin da wannan takarda ta ɗauka shi ne yadda irin waɗannan littattafai suke bi da sunayen mata masu ƙarewa da -atu, kamar A'ishatu da Hadizatu da Salamatu da Halimatu. Sau da yawa akan jera su tamkar 'yan ɗaki ɗaya, a nuna cewa -atu alama ce ta mace, sa'annan a ba kowane suna wata ma'ana mai daɗin ji. Wannan fahimta ta shigo har ajin jami'a, domin ɗalibai sukan rubuta a jarrabawa cewa -atu ɗafa-ƙeya ce ta jinsin mace a Hausa, su ajiye ta kusa da -iya da -uwa da -anya. Matsayin takardar shi ne -atu ba ɗafin Hausa ba ne, kuma ba ta ɗauke da wata ma'ana da ta haɗa waɗannan sunaye. Sawun karatun allo da na littafi ne ya rage a jikin suna. An zaɓi a duba al'amarin daga Njamena, babban birnin Cadi, saboda dalilin da zai bayyana a ƙasa.

2.0 Suna Ɗaya, Baki Daban-daban

An kafa birnin a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kusuri inda Rabeh da kwamandan Faransa Lamy suka mutu rana ɗaya, kuma a 1973 gwamnatin Tombalbaye ta mayar da shi Njamena. Yana kan tsohuwar hanyar alhazai masu tafiya Makka ta ƙasa, shi ya sa Hausawa suka daɗe da yin zango a cikinsa, wasu da niyyar wucewa, zama ya kama su. Works (1976) ya yi cikakken nazari a kan waɗannan Hausawa na Fort-Lamy da Abeshe. Faransanci da Larabci su ne harsunan hukuma, amma harshen kasuwa da na titi shi ne Larabcin Cadi, ɗan'uwan wanda ake kira Shuwa a Barno. Ga kuma Barebari da Fulani da sauran al'ummu. A irin wannan wuri suna ɗaya yakan fito da kama uku ko huɗu a layi guda:

(1) a. A'ishatu: Aché, Achta, Aïcha, Aïssatou
b. Faɗimatu: Fatimé, Falmata, Fatimatou
c. Halimatu: Halimé
d. Hadizatu: Khadidja

Ba sai an shiga gidan kowa ba kafin a tabbatar da haka, sunayen fitattun mata sun isa. Fatimé Kimto ce mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a Cadi. Achta Toné Gossingar ma ta riƙe muƙamin gwamnati a fannin lafiya. A ɓangaren maza kuwa, inda Bahaushe ke cewa Muhammadu da Ahmadu da Umaru, mutumin Njamena Mahamat da Ahmat da Oumar yake cewa.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka sha Larabci a nono ba sa furta -atu. Waɗanda suka koyi Larabci a gaban malam, wato Hausawa da Fulani, su ne masu furta ta. Mai zaune a Kano ko Sakkwato ba lalle ne ya ga wannan ba, domin duk inda ya juya A'ishatu yake ji, har ya ɗauka haka Larabawa suke faɗa. Littattafan sunaye a kan wannan zato aka gina su.

3.0 Ta Kuri da Rufu'a

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san baƙin da ake kira ta kuri, wanda masu nahawu ke kira ta'u marbuɗa. Shi ne yake zuwa a ƙarshen mafi yawan sunayen mata a Larabci. Ƙa'idarsa ita ce, idan aka yi waƙafi a kansa ba a furta shi a matsayin /t/, sai a ji Faɗima, A'isha, Halima. Idan kuwa aka zarce da karatu, /t/ takan bayyana tare da wasalin li'irabi, wanda yake rufu'a ne idan sunan shi ne mai aikatawa ko shi aka fara jimla da shi. Daga nan aka sami Faɗimatu. Ke nan -atu abu biyu ne aka haɗa, -at ta Larabci da -u ta li'irabi. Wannan -u ɗin ita ce dai a Muhammadu da Usmanu da Sa'idu, ita ce kuma a sunayen matan da ba su da ta kuri, irin su Zainabu da Maryamu da Bilkisu da Asma'u da Hauwa'u. Ba a taɓa jin wanda ya ce -u ta Usmanu alamar namiji ce ba, tunda ga Zainabu a gefe.

Larabcin baka, na Cadi da na sauran wurare, ya daɗe da zubar da wasulan li'irabi. Abin da ya rage masa shi ne siffar waƙafi, wato -a, wadda a Larabcin Cadi takan karkata ta zama -e, musamman idan akwai wasalin /i/ a gaɓar da ta gabata. Wannan ne ya ba da Fatimé da Halimé. Saboda haka Halimatu da Halimé kalma ɗaya ce ta biyo hanya biyu, ɗaya ta ido ɗaya ta kunne. Greenberg (1947) ya raba kalmomin aro na Larabci a Hausa gida biyu, waɗanda suka shigo daga Larabcin baka da waɗanda suka shigo daga na littafi, shi kuma Hiskett (1965) ya ƙara jaddada rawar da littattafan da malamai ke karantarwa suka taka. Sunaye masu -atu suna daga cikin hujjoji mafi ƙarfi ga hanyar littafi, domin ba wani fatake da zai kawo wasalin li'irabi a bakinsa daga kasuwa.

Sai dai akwai tambayar da littattafan sunaye ba su ko yi wa kansu ba. Kalmomi irin su sadaka da daraja da hikima da al'umma duk ta kuri gare su, kuma ta hannun malamai suka shigo, amma ba a cewa *sadakatu ko *darajatu. Har ma akan sami kalma ɗaya ta rabu biyu, gama-garin suna da -a, sunan yanka da -atu:

(2) a. rahama: Rahamatu, Ramatu
b. salama: Salamatu
c. sa'ada: Sa'adatu
d. ni'ima: Ni'imatu

Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, gama-garin kalma ta faɗa cikin tsarin jinsi na Hausa, inda -a ta riga ta zama ƙarshen kalmomin mace, sai ta zauna daram. Sunan yanka kuwa malami ne yake sanar da shi ranar suna, da cikakken lafazi irin na karatu. Bayan haka, yawancin waɗannan sunaye a cikin littattafan tarihin Annabi (SAW) da sahabbai suna zuwa ne da laƙabi a bayansu, inda babu halin yin waƙafi: Faɗimatuz Zahra'u, Hadijatul Kubra, Halimatus Sa'adiyya. Da Bahaushe ya raba waɗannan, rabin farko ya tafi da -atu ɗinsa, rabi na biyu kuma ya zama suna mai cin gashin kansa, aka sami Zahra'u da Zara da Kubura da Sadiya. Sadiya ta asali nasaba ce zuwa ga ƙabilar Banu Sa'ad, amma yau ga ta sunan yanka.

Nahawun Hausa kansa ya nuna baƙuwa ce. Ana cewa Halimar Bello da -r ta mallaka, amma Halimatun Bello da -n, domin -r ba ta bin kalmar da ba ta ƙare da -a ba. Da -atu ɗafin mace ne na Hausa, da ba ta ƙi baƙin mallakar mace ba.

4.0 Sunayen da Suka Ƙi Shiga Jeri

Hujja mafi sauƙi a kan masu cewa -atu alamar mace ce ita ce Ɗalhatu. Sarkin Zazzau Ɗalhatu ya yi sarauta daga 1920 zuwa 1924, kuma har yau sunan na maza ne. Asalinsa Ɗalha, sahabi, wanda ake rubuta sunansa da ta kuri kamar yadda ake rubuta Hamza da Usama da Ukasha. Shi ya sa ake da Usamatu da Ukashatu a cikin maza. Su kansu masu nahawun Larabci sun san da wannan, suna kiransa mace ta lafazi kawai. Littafin da ya ɗauki ƙarshen kalma ya mai da shi ma'aunin jinsi, dole ko dai ya ɓoye Ɗalhatu ko ya sa shi cikin mata.

Sai Talatu. Wannan sunan rana ne, na yarinyar da aka haifa ran Talata, abokin Ladi da Altine da Laraba da Lami da Jummai da Asabe. /t/ ɗin da ke gaɓarsa ta ƙarshe daga saiwar kalmar "uku" ta Larabci take, babu ruwanta da ta kuri. Haka Alisabatu a fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki, /t/ ɗinta ta jikin sunan ce. Amma Saratu da Rifkatu da Lai'atu da Hannatu, waɗanda Kiristocin Arewa suke sa wa 'ya'yansu, ta kuri ce ta gaske, domin ta siffarsu ta Larabci suka shigo Hausa, ko da yake asalinsu Ibrananci ne. Littattafan da ke bakin masallaci ba su cika ambaton cewa Saratu da Hannatu na gida biyu ne ba.

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na Hindu. A Larabcin littafi Hind ne, baƙi uku, babu ta kuri. A Njamena ana jin sa iri biyu a bakin jama'a. Akwai Hinda, kamar Hinda Déby Itno, matar marigayi Shugaba Idriss Déby, inda aka ƙara -a. Akwai Hindou, kamar Hindou Oumarou Ibrahim, Bafulatanar nan mai fafitikar kare muhalli da haƙƙin makiyaya, inda rufu'a ta tsaya a sunanta da na mahaifinta duka, daidai da karatun malamai. Bahaushe yana da Hindu, sa'annan ya ƙara da Hindatu, wadda babu ita a littafi. Haka ya yi wa Hajar, mahaifiyar Annabi Isma'ila, wadda ita ma ba ta da ta kuri a littattafan hadisi. Tsarin gaɓar Hausa ya sa ta zama Hajara, daga nan aka yi ƙiyasi da Halima da Halimatu, aka sami Hajaratu.

A nan ya kamata a yi wa ɗalibai adalci. Hindatu da Hajaratu sun nuna cewa kunnen Bahaushe ya fara jin -atu a matsayin cikar sunan mace, siffa ta girmamawa wadda ake rubutawa a takarda ko a faɗa wurin ɗaurin aure. Akwai kuma abin da ya taimaka wa wannan ji, domin /t/ alamar mace ce a Hausa tun asali, kamar a "ta" da "ita" da "tata", kuma Greenberg (1960) ya nuna gado ne da Hausa da Larabci suka yi tarayya a kansa a matsayinsu na 'yan babban gida ɗaya na harsuna. To amma ƙiyasin bai wuce sunayen Larabci ba. Ba a yi wa Kande ko Delu ko Tabawa *Kandatu ko *Delatu ba, ba a kuma samar da sunan mace daga Bello ko Audu ta wannan hanya ba. Tagwaye irin su Habibu da Habibatu, ko Jamilu da Jamilatu, a shirye aka aro su. Ɗafin da ba ya hawa kan saiwar Hausa ko ɗaya, da wuya a kira shi ɗafin Hausa. Shatu ma shaida ce, domin da aka gajarta A'ishatu, kan sunan aka yar aka riƙe wutsiyar, abin da ke nuna ba a ɗauke ta wani abu mai ciruwa ba.

Achta da Falmata kuwa sun riƙe /t/ amma da wasalin -a a bayanta, irin yadda ake ji a Aminata da Fatoumata da Salimata a Mali da Gini. Su ma 'yan hanyar littafi ne, ta ƙofar da ba ta Hausa ba.

5.0 Matsalar Ma'ana

A nan ne littattafan suka fi yin ɓarna. Tunda an tara sunayen bisa amon ƙarshensu, sai marubuci ya ga kamar tilas ne kowanne ya fito da ma'ana ta yabo, kamar mai yi wa amare kirari. Abin da akan yi shi ne a ɗauko halin wadda ta yi fice da sunan a maye gurbin ma'anar kalma da shi. Saiwar Hadijatu a ƙamusun Larabci tana nufin haihuwar da ba ta cika wata ba, wato kusan abin da Bahaushe ke kira bakwaini. Gaskiya da riƙon amana da sadaukar da dukiya halayen Nana Hadiza ne, ba fassarar kalmar ba. Faɗimatu daga saiwar yaye take. Ramlatu, sunan Ummu Habiba 'yar Abu Sufyan, daga kalmar rairayi yake, kuma ba shi da wata dangantaka da Ramatu sai kamar sauti. Rabi'atu irin ta Adawiyya "ta huɗu" ce, macen Rabi'u, a jerin Sani da Salisu da Hamisu.

Babu abin kunya a ɗaya daga cikin waɗannan ma'anoni, kuma ɓoye su rashin fahimtar al'adar sa suna ne. Bahaushe ba don ƙamus yake sa wa 'yarsa Hadizatu ba. Yana sa wa ne don neman albarkar mai sunan, ko don mayar da mahaifiyarsa, shi ya sa washegari za a ji ana kiran jaririyar Ummi ko Uwani ko Mama saboda alkunya. Littafin da ya ba shi tarihin mai sunan a gefe ɗaya, ma'anar kalma a ɗaya gefen, ya yi masa aiki. Wanda ya cakuɗa su ya koya masa Larabcin da babu shi.

Akwai wurin da kuskuren yake da nauyi a addini. Rubutun boko ba ya bambanta alif da ain, ko sin da sodi, ba ya kuma nuna tsayin wasali. Don haka Asiya ko Asiyatu a boko tana iya zama ɗayan biyu: Asiya matar Fir'auna, wadda ake yabo, ko kuma wata kalma mai ain da sodi wadda ke nufin mai saɓo. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wata 'yar Sayyidina Umar tana da wannan suna na biyu, Annabi (SAW) ya sauya mata shi zuwa Jamila. Littafin da bai kawo rubutun Larabci da wasulansa ba ya bar uba cikin duhu a daidai inda ya fi bukatar fitila. Haka Aminatu. Mahaifiyar Annabi (SAW) sunanta da dogon wasali a farko, ma'anarsa wadda take cikin aminci, ɗayan kuma dogon wasalinsa a tsakiya yake, ma'anarsa amintacciya. Masu Larabcin baka a Cadi da Sudan sun raba su, suna da Amné ko Amna daban, Amina daban. Boko ya haɗe su, littattafan kuma suka bi boko.

6.0 Daga Baki zuwa Takarda

Rubutun Faransanci ya riƙe -atu da kyau, sai dai ya sa mata riga, ta zama -atou: Aïssatou, Ramatou, Hadjaratou. A littafin Mariama Bâ na 1979, Une si longue lettre, mai rubuta wasiƙar Ramatoulaye ce, wadda take rubuta wa kuma Aïssatou. Sunan farko Rahmatullahi ne, kuma yana nuna rufu'ar a wurin aikinta na asali, tana haɗa kalma da kalma. A Nijeriya kuwa 'yan boko sun fi son yanke wasalin ƙarshe. Yarabawa sun mayar da Kudiratu da Basiratu zuwa Kudirat da Basirat, a Arewa ma ga Ramat a sunan marubuciya Balaraba Ramat Yakubu. Wannan siffa mai ƙarewa da -at ba ta waƙafi ba ce, ba ta zarcewa ba ce, amma ta kama, kuma masu ita suna ganin ta fi kusa da Larabci. Wasu kuma sun zubar da ƙarshen gaba ɗaya sun koma Aisha da Khadija, suna kallon A'ishatu da Hadizatu a matsayin sunan ƙauye ko na tsofaffi, alhali su ne siffar da ta fito daga zauren malamai.

Ga Bahaushen Njamena wannan ba zancen ado ba ne. Yarinya ɗaya malam ya raɗa mata A'ishatu, maƙwabta suna kiran ta Aché, magatakardan da ya rubuta takardar haihuwa ya sa Aïchatou ko Achta gwargwadon abin da kunnensa ya ba shi. Idan ta girma ta haye gadar Ngueli zuwa Kusuri, ta bi ta Gambaru ta isa Maiduguri ko Kano neman karatu, a can za a rubuta Aisha ko Aishat. Ranar da za a haɗa takardun wuri ɗaya, wajen neman fasfo ko shiga jami'a ko rabon gado, sai a ce ba mutum ɗaya ba ne, a tura ta neman takardar rantsuwa. Littafin sunaye da aka rubuta don Hausawan wannan yanki ya kamata ya kawo kowane suna da baƙaƙen Larabci masu wasali, da saiwarsa, da wadda ta yi fice da shi, sa'annan da siffofinsa a boko da Faransanci da Larabcin Cadi a layi ɗaya, yadda uba zai zaɓi rubutu guda tun ranar suna ya miƙa wa magatakarda a rubuce.